Kafin Ka Miƙa wa Mutum Hotonshi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Tambuwal, zuwa ga ɗana Umaru a Kebbe.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka lafiya, kai da kayan aikinka, babu gilashin ɗaukar hoto da ya fashe a hanya. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Allah Ya tsare ka inda idonmu bai kai ba, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa ka zauna garin nan da alheri.

Ba labarin gida zan ba ka ba, direban da zai kawo maka takardar ga ya fi ni iya wannan. Ranar da za ka tashi na so in zaunar da kai mu yi magana, sai zaure ya cika da masu sallama, ni kuwa ka san bakina ba ya buɗewa cikin jama'a. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Aikin akwatin hoto ka iya shi. Ka san haske, ka san awon ruwan maganin wanke hoto, hannunka ya fi nawa natsuwa yanzu. Abu ɗaya ne ban koya maka ba, kuma da gangan na ƙi. Duk lokacin da mutum ya zo ganin hoton gwaji, wanda wasu ke ce wa samfur, sai in tura ka ɗakin wankin hoto in tare shi ni kaɗai. Ka ɗauka rowar aiki nika yi maka. Ba haka ba ne. A wurin nan ne na yi kurakuran da har yau in na tuna su nika jin kunya, ban kuma so ka tambaye ni dalilin kowace ƙa'ida da na kafa ba. Yanzu da za ka tsaya kai kaɗai a shagonka, gara ka ji su daga bakina.

Shekarar da na dawo daga Sakkwato, bayan na gama koyon aiki wurin maigidana Bayarabe, ba mai akwatin hoto a ƙasar nan sai ni, kaina kuwa ya kumbura. Na ɗauki wani mai awon hatsi, Na'Allah, har sau uku. Biyu sun yi kyau. A na ukun ƙuda ya sauka a hancinshi, ya lumshe ido ya wage baki daidai lokacin da na buɗe murfin idon akwati. Da na fitar da gwajin sai na kwashe su duka, na same shi a rumfarshi ranar kasuwa, na baje su a kan tabarma, don ina son jama'a su ga aikina. Sun kuwa gani. Kafin shi ya kai hannu wani ya ɗauke na ukun, ya miƙa wa na kusa da shi, yana tafiya hannu zuwa hannu ana dariya har rumfar mahauta. Daga ranar anka laƙaba mashi Mai Hamma. Mutum ne mai iyali, mai surukai a garin. Ya dai naɗe tabarmarshi tun la'asar ba ta yi ba. Shekaru da yawa in mun haɗu a masallaci sai ya canza sahu.

To, Umaru, kafin kowa ya ga gwaji kai ka fara zama da shi. Wanda ido ya rufe, wanda baki ya karkace, wanda riga ta tattare inda bai kamata ba, ka cire shi ka yage, kada ma mai shi ya san an yi shi. Biyu ko uku masu kyau sun isa, in sun yi yawa ruɗa mutum suke yi. Kuma kada ka kai wa mutum hotonshi cikin taro. Ka kira shi ciki, ka ba shi wurin zama, ka juya bayanka ga ƙofa. Yawancin waɗanda za su zo maka a Kebbe ba su taɓa ganin fuskarsu a takarda ba. Ganin farko akwai nauyi, kada ka bari a yi shi gaban 'yan kallo.

Na biyu ya fi wannan wauta. Wani tela daga Jabo, Mamman, ya zo in ɗauke shi zai rataya a shagonshi. Shina da tsagar gidansu a kumatu, manya, sun fito sarai a gilashi. Maigidana ya koya mani gyaran fuska da fensir mai tsini, ina kuwa alfahari da hannuna. Na yini ina cike tsagar nan ɗaya bayan ɗaya har fuskar ta yi sumul, a zatona alheri na yi mashi. Da na miƙa mashi gwajin ya daɗe shina kallo, sannan ya tambaye ni ko na ɗauko na wani ne bisa kuskure. Na ce nashi ne, gyara na yi. Ya ajiye takardar a hankali ya ce, "In na kai wanga gida, uwata za ta tambaye ni ɗan wa ne." Na wanke fensirin na sake fitar da shi yadda Allah da wanzami sunka bar shi, ya karɓa da murna. Tun daga nan ba na taɓa fuskar kowa kafin ya ga gwaji. Ka nuna mutum yadda shike. In shi ya nuna ƙurji ko tabo ya ce a rage, sai ka rage. Abin da kai kake gani aibi, wataƙila da shi danginshi ke gane shi.

Yanzu ga wanda ya sa na rubuta takardar ga, don a ƙasar da kake zaune ya faru, kuma akwai waɗanda ba su manta ba.

Kana ɗan shekara fuɗu lokacin. Ina ɗaure akwati a bayan keke ina bin kasuwanni, har Kebbe. A can wani manomi mai shanu daga Fakku, sunanshi Buba, ya same ni. Ƙanenshi soja ne, ya daɗe bai zo gida ba, ya aiko takarda shina roƙon a ɗauki hoton mahaifinsu a aika mashi. Tsohon, Malam Sambo, ba ya so. Ya ce shi bai ga dalilin da za a sa mutum a takarda ba alhali shina raye. Sai da anka karanta mashi takardar ɗanshi sau biyu sannan ya yarda. Na bi Buba har Fakku, tsoho ya sa farar rigarshi, ya riƙe sandarshi, na ɗauke shi sau biyu a ƙofar gida.

Da kasuwa ta zagayo na kawo gwajin na ba Buba a Kebbe, na ce ya kai gida su zaɓi wanda suke so, in na dawo ya faɗa mani. Iyakar abin da na ce ke nan. Ina sauri, hadari ya haɗo, ina son in kama hanya. Ka san takardar gwaji ba a sa ta ruwan maganin da ke tsayar da hoto, in ta sha rana sai ta yi ta duhu har ta koma baƙa ƙirin. Ni na san haka kamar yadda na san sunana. Ban tsaya na tuna Buba bai sani ba. Ko ambulan ban sa mashi ba, a hannu na ba shi.

Abin da ya faru daga baya na ji shi. Washegari anka fito da hotunan tsakar gida, mata da maza da maƙwabta kowa na son gani. Da anka gaji da miƙe-miƙe sai anka jingina su a jikin rumbu don kowa ya kalla, rana kuwa ta fito bayan ruwa, mai zafi. Kafin azahar farar rigar ta fara rinewa. Kafin la'asar fuskar ta nutse, sai ɗan hasken ido. Malam Sambo na zaune shina kallon fuskarshi tana ɓacewa har ta ƙare. Ya tashi ya shiga ɗaki. Daga ranar ya bar cin abinci, sai ruwa. Ya kira 'ya'yanshi ya faɗa masu saniyar da za a ba wane da wadda za a ba wance, ya ce an nuna mashi, lokacinshi ya yi.

Wani mai sayar da kanwa ne ya kawo mani labari Tambuwal, ya ce ana faɗi a Kebbe hotona na cin wani tsoho a Fakku, yau kwana biyar. Ba zan ɓoye maka ba, ɗana, ban tashi nan take ba. Kwana biyu na yi ina kewaye-kewaye. Ina tsoron in je a tare ni da sanduna, ina tsoron in tarar ya riga ya cika. Har na fara gaya wa kaina ai jahilcinsu ne, ba laifina ba. Innarka ce ta gane akwai abin da ke damuna, ta matsa har na faɗa mata. Sai ta ce, "Malam, in tsohon ga ya mutu kana zaune nan, ko mutane sun yafe maka kai ba za ka yafe wa kanka ba." Na ce to in na je me zan ce masu, wa zai yarda da bakina? Ta buɗe akwatin da nika ajiye gilasai, ta zaro naka, wanda na ɗauke ka kana zaune kan turmi, ta naɗe shi cikin zanenta ta miƙo mani. Ita ma a ranta ba ta gama sakin jiki da aikin nan ba, amma ta ba ni.

Na tashi bayan asuba. Damina ce, hanya ta lalace, akwai inda na ɗauki keken a ka na ratsa ruwa har ƙugu. Na isa Fakku rana ta take. Ba wanda ya ɗaga mani sanda, amma ba wanda ya amsa sallamata da daɗi. Buba ya fito, idonshi ja, ya ce me ya kawo ni kuma. Na roƙe shi a fito da Baba inuwar tsamiyar ƙofar gida, in nuna abu ɗaya, in bai gamsu ba su yi mani abin da sunka ga dama. Sai da mutum biyu sunka riƙo tsohon. Ya rame har rigar ta yi mashi yawa, bai kuma dube ni ba.

Na ɗora gilashinka kan sabuwar takarda cikin katakon da ake buga hoto a ciki, na ajiye a rana gabansu. Bayan ɗan lokaci na buɗe, ga ka nan zaune kan turmi da ƙaton kanka. Na ɗaga kowa ya gani, na ce wanga ɗana ne, Umaru, shi kaɗai gare ni namiji. Sannan na shimfiɗa takardar a rana tsirara. Kusa da ita na ajiye hoton Malam Sambo na gaskiya, wanda na wanke na tsayar da magani tun a gida. Munka zauna. Shanu na kuka daga bayan gida. Ina kallon fuskarka tana duhu, kuma ko da na san dalili sarai, wallahi sai da gabana ya faɗi. Naka ya koma baƙi ƙirin. Na tsoho na nan fari tas, da sandarshi da gemunshi.

Na ce, "Baba, da abin ga na kisa, da ban sa ɗana a ciki ba. Takarda ce ba a gama aikinta ba, rana ke ƙona ta."

Ya miƙo hannu anka ba shi nashi. Ya jujjuya shi, ya kai shi rana da kanshi ya riƙe, ya dawo da shi inuwa. Sai a lokacin ya dube ni, ya ce, "To me ya hana ka faɗi tun farko?"

Na ce na ɗauka kowa ya sani.

Ya ce, "Ni in na ba ka saniya mai harbi, sai in gaya maka ta wane gefe za ka tsaya."

Na sunkuyar da kai na ba shi haƙuri. Can ya juya ya tambayi Buba ko akwai sauran fura. Mata sunka ruga ciki. A gabana ya sha rabin ƙwarya da nono, ya ce a ba baƙo sauran. An aika wa sojan hotonshi. Malam Sambo kuwa ya rayu har ya ga auren jikokinshi, kuma duk lokacin da na je kasuwar Kebbe sai ya aiko a tambaye ni lafiyar yaron da anka ƙona a rana.

Saboda haka kada takardar gwaji ta bar hannunka sai ka yi bayani, ko da mutum ya ce ya sani. Ka ce wannan na dubawa ne, ba shi ne hoton ba, zai yi baƙi in ya ga rana, na gaskiyar na nan tafe kuma shi ba ya canzawa. Ka faɗa kafin ka miƙa, don da zarar mutum ya ga fuskarshi ba ya ƙara jin abin da kake cewa. Ka sa ta cikin baƙar takardar da ke zuwa da gilasai. In za a shiga da ita cikin gida wurin mata, ka maimaita wa wanda zai kai, ka jira a zaure a dawo maka da ita. Hoton matar aure kuwa, ko gwaji ko na gaskiya, ba ya kwana a bangon shagonka, ba ka kuma nuna wa kowa shi don neman kasuwa. In kuma ka yi kuskure, za ka yi kuwa, kada ka yi kwana biyun da na yi. Buba na nan da rai, ya tsufa. Ka neme shi ranar kasuwa ka gaishe shi, ka ce kai ne yaron nan.

Kada ka ɗauka da na girma na daina kuskure. Bayan an sami mulkin kai aiki ya buɗe, masu tafiya Makka na son na fasfo, malaman makaranta na son na aji, kowa ya ɗinka sabuwar riga sai ya zo. Cikinsu har da wata ɗiyar garin nan da ta gama koyon aikin ungozoma, ta zo da yayanta cikin fararen kayan aiki. Na fitar da gwaji biyu. Ɗaya ya fi haske da kyan tsayuwa, ni shi na so. Tun kafin ta gama dubawa na fara yabonshi, ina nuna mata inuwa da yadda fuska ta fito. Ta ce to, a yi shi. Bayan wata biyu innarka ta je barka gidansu ta tarar babu hoton a bango, shina ƙasan akwati. Da ta tambaya sai yarinyar ta ce ita ɗayan ta so, don a cikinshi ne agogon da ke maƙale a ƙirjinta ya fito, wanda take duba bugun jinin masu haihuwa da shi. Shi ne shaidar aikinta, shi take son mahaifinta ya gani. Kunya ta hana ta musa wa babba. Na wanke mata ɗayan na aika.

Mutanenmu ba sa iya ce wa mai sana'a a'a a gaban idonshi. In ka yabi ɗaya, shi za su ɗauka ko ba sa so. Don haka in ka ajiye gwaji gaban mutum ka kama bakinka. Ka nemi wani abu ka yi, ka goge murfi, ka gyara labule. Ta gefen ido za ka ga wanda hannunshi ke komawa kai. In ya tambaye ka ra'ayinka ka faɗa a taƙaice, ka ƙara da cewa shi zai zauna da hoton, ba kai ba. Kuma kada ka gaggauta tsoho, kada ka yi wa wanda ya ce "haka nike?" dariya. Ka ce haka kake, kuma lafiya lau.

Ba don in tsorata ka na faɗi waɗannan ba. Zamaninka ya fi nawa sauƙi. Lokacin da na fara sai na yi rantsuwa kafin mutum ya tsaya gaban akwati, yau kuwa su ke neman mu. Ana buɗe makarantu, ana gyaran hanyoyi, yaran ƙauye na tafiya Kaduna da Zariya karatu, kowace uwa na son abin da za ta riƙa kallo kafin su dawo. Aiki ba zai yanke maka ba in mutane sun san asirinsu a rufe shike a hannunka.

Saura magana ɗaya. Jiya innarka ta ba ni ambulan da ka bar mata, ta ce ka ce kada a ba ni sai ka yi nisa. Na buɗe na tarar da gwaji uku na hoton da ka matsa ka ɗauke ni kafin ka tafi. Shekaru nawa ina bayan baƙin ƙyallen da ake lulluɓa in za a ɗauki hoto, ban san haka zama gabanshi ke da wuya ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa kafin in duba. Ban san na yi furfura haka ba, ban san wuyana ya saki ba. Na daɗe zaune.

Biyu ina kallon akwati sosai, na gyara hula, kamar wani alƙali. Sun yi kyau, ba abin da zan gyara maka. Amma na ukun na zaɓa, wanda idona ya kauce gefe, bakina a ɗan buɗe. Na tuna abin da ya faru. Na hango ƙafar akwatin ta baya ba ta zauna daidai ba, na buɗe baki zan gaya maka, sai na ga ka riga ka sa ƙafarka ka gyara ta ba tare da ka fito daga ƙyallen ba. Kafin in rufe baki, kai kuwa ka buɗe murfi. Na sa mashi alama da fensir a baya, ga shi cikin takardar ga. Ka wanke mani biyu, ɗaya na innarka, ɗaya ka ajiye wurinka.

Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka gaida maigidan da ya ba ka masauki, ka ci abinci ko aiki ya yi yawa. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ruwa da na baki, Ya sa mutanen Kebbe su ji daɗin zama da kai, Ya maido mana da kai lafiya in salla ta zo. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Garba Mai Hoto, Tambuwal.